Nas ɗin Gida

Ranar da ɗaliban aji biyu na makarantar koyon aikin jinya suka fara horon asibiti, Auta tana durƙushe a bayan ɗaki tana wanke zanen gadon mahaifiyarta. Farar rigar da aka ɗinka mata domin wannan rana tana rataye a ƙusa a bayan ƙofa, cikin leda, da karin gugar da Mama ta yi mata da hannunta kafin ciwo ya kayar da ita.

Shanyewar ɓarin jiki ce ta sami Mama. Hannun dama da ƙafar dama suka daina motsi, harshe ya yi nauyi, magana ta koma gurnani da kallo. Asibiti suka riƙe ta har jininta ya sauka, sannan suka sallame ta, suka ce abin da ya rage na gida ne. Mace ce mai jiki, ba a ɗaga ta da hannu ɗaya.

Yaya, babban ɗan Mama, wanda gidan yake hannunsa tun rasuwar mahaifinsu, shi ya tara mutanen gida a falo ya yanke magana.

"Allah ya rufa mana asiri," in ji shi. "Wasu sai sun fita neman nas, mu kuwa muna da tamu a cikin gida."

Auta ta ce, "Yaya, ni ba nas ba ce tukuna. Ban taɓa taɓa mara lafiya ba. A aji mutum-mutumin roba muke juyawa. Kuma doka ce a makaranta, wanda bai yi horon asibiti ba ba zai zauna jarrabawa ba."

"To me ake yi a asibitin in ba kula da mara lafiya ba? Ga mara lafiya nan Allah ya kawo miki har ɗaki. Wannan ma ai horo ne, har ya fi nasu, tunda babu mai yi miki tsawa."

Anti, matar Yaya, ta yi dariya. "Har da gado da abinci kyauta. Ɗalibai nawa ne suka samu haka?"

Da Yaya ya ga idon Auta ya cika da ƙwalla, sai ya sassauta murya. Ya ce 'yan kwanaki ne kawai, kafin a samo matar da za ta riƙa kula da Mama. Ya ce shi da kansa zai je makarantar ya nema mata uzuri, tunda shi suka sani a matsayin mai kula da ita, lambar wayarsa ce ma a wurinsu. Ya dafa kanta ya ce, "Ni ne na kai ki makarantar nan. Kina ganin zan bari ki rasa ta?"

Ta yarda. Ba ta taɓa kama shi da ƙarya ba.

Aikin ya faro daga wayewar gari. Ta share wa Mama jiki, ta canja mata zane, ta ɗura mata abinci mai ruwa-ruwa da ƙaramin cokali, rabi ya shiga rabi ya gangaro ta gefen bakin da ya karkace. Ta kai fo, ta zubar, ta wanke. Kafin zanen safe ya bushe a igiya, na rana ya jiƙe. Hannayenta suka tsattsage saboda sabulu, bayanta ya riƙe, littattafanta suka yi ƙura a kan taga.

Duk mutanen gidan suna da uzuri, kuma kowane uzuri da kamannin gaskiya. Yaya yana fita da sassafe, in ya dawo sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Mama, ya jiki?" ya wuce, domin a cewarsa zuciyarsa ba ta iya ɗaukar ganin mahaifiyarsa a haka. Anti tana da ciwon baya da ke tashi daidai lokacin da aka kira ta, kuma wari yana tayar mata da zuciya. Yayarsu mace da ke aure a wani gari tana aiko da saƙon murya mai tsawo, cike da addu'a da kuka, tana rufewa da cewa, "Auta, ladan nan duk naki ne, wallahi har kishi nake yi da ke."

Wata rana da hantsi Auta ta ji sallama a ƙofar gida. Ta leƙa ta taga, ta ga wata dattijuwa da jaka a hannu, tana cewa maƙwabta ne suka turo ta, an ce ana neman mai kula da mara lafiya. Murna ta kama Auta, har ta fara share hannu a zane. Sai ta ji muryar Anti.

"Ayya, Baba, ai kin makara. Muna da nas a gida, ƙwararriya ma kuwa. Bare ba za ta ga tsiraicin uwarmu ba muna da mai yi."

Da yamma Auta ta tari Yaya da maganar. Ya ce matar ba ta yi masa ba, idonta ya cika rawa, ana nan ana neman wata mai amana. Ta tambaye shi batun makaranta. Ya ce ya je, an gama magana, ta kwantar da hankalinta.

Wata ƙawarta ta aji, wadda suke kira Doguwa, takan kira ta in an tashi daga asibiti. Ta ba ta labarin yadda ta zube sumammiya ranar da ta fara ganin ana wanke babban rauni, da yadda ta samu jijiya a hannun wata tsohuwa bayan ta sha kunya, da Sistar ɗakin mata, mai koya musu aiki, wadda ke iya gane ɗalibar da ba ta wanke hannu ba tun daga ƙarshen ɗaki.

"Ke, matar nan bakinta kamar almakashi," in ji Doguwa. "Amma in ta kama hannunki ta ɗora a jikin mara lafiya, abin da kika yi wata kina haddacewa sai ki ji ya zauna. Yaushe za ki zo ne? Ranar farko ta kira sunanki, daga nan ba ta ƙara ba."

"Yaya ya nema mini uzuri," in ji Auta. "Shi ya sa."

Farar rigar kuwa ba ta daɗe a ƙusa ba. Ranar da abokan aikin Yaya za su zo dubiya, Anti ta shigo ɗakin tana toshe hanci da gefen mayafi, ta zaro rigar daga leda.

"Saka wannan. Yayanki ya ce kada mutane su zo su tarar da ke kamar 'yar aiki."

"Anti, ta asibiti ce. Ba a saka ta a gida."

"To nan ɗin mene ne? Saka mana, Sista, kada ki ba mu kunya."

Ta saka. Baƙi suka shigo, suka ga ɗaki a share, ga mara lafiya a lulluɓe, ga nas tsaye cikin farin kaya. Suka yi ta yaba wa Yaya, suna cewa samun ɗa irinsa sai an tona, wanda ya ajiye wa mahaifiyarsa nas dare da rana. Yaya ya sunkuyar da kai yana cewa ai wajibi ne. Wani mai tumbi ma ya miƙo hannu ya ce ta ɗan auna masa jini tunda ga dama ta samu. Mama tana kwance tana bin rigar da ido, hannunta mai lafiya yana damƙe gefen katifa. Tun daga ranar, duk sanda aka ji motar baƙi, sai Anti ta ɗaga murya daga falo: "Nas, a shirya!"

A cikin waɗannan kwanaki ne Auta ta ga wani jan tabo a ƙasan bayan Mama, daidai inda ƙashi ke danne katifa. Ta danna da yatsa, bai washe ba. Ta kakkaɓe littafinta ta duba. Littafin ya ce a riƙa juya mara lafiya a kai a kai, ya kuma zana hoton mutum biyu, ɗaya a kowane gefen gado. Ta fita ta kira Anti.

"Ina zuwa," in ji Anti, idonta a kan waya.

Ba ta zo ba. Auta ta koma ta kama zanen da ke ƙarƙashin Mama, ta tokare ƙafa da ƙafar gado, ta ja da iyakar ƙarfinta har jikin ya gurguro zuwa gefe. Mama ta yi wani nishi mai tsawo. Mutum-mutumin roba na aji ba shi da nauyi, ba ya nishi, kuma fatarsa ba ta saluɓewa. Haka ta riƙa jan ta safe da rana da yamma, ita kaɗai, tana ba ta haƙuri.

Tabon ya yi duhu. Ta nuna wa Yaya daga bakin ƙofa, ya kau da kai.

"Yaya, mu mayar da ita asibiti su gani. Ban san abin da zan yi ba."

"Ke ce nas kina tambayar wa? In mun kwashe ta mun koma kan ɗan tabo, me mutane za su ce? Su ce mun kasa riƙe uwarmu?"

Anti ta ce jini ne ya kwanta a wurin, kowa ya san maganinsa, a gasa da ruwan zafi a murza da mai. Auta ta sake buɗe littafin, ba ta ga inda aka ce a yi ba, ba ta kuma kai shafin da aka ce kada a yi ba, domin Mama ta riga ta jiƙa zane tana kiranta da gurnani. Ta dafa ruwa. Ta gasa wurin da tsumma, ta murza da tafin hannunta a hankali, da dukan ƙaunar da take yi wa mahaifiyarta. Ta yi haka kullum, ba ta fasa ba.

Fatar ta buɗe. Ramin ya faɗaɗa, ya fara ruwa, wari ya cika ɗakin har turaren da Anti ke fesawa a bakin ƙofa ya kasa rufe shi. Sannan zazzaɓi ya zo. Ranar da Mama ta daina karɓar cokali, idonta ya juye, akwai baƙi a falo, Auta kuma tana cikin farar riga. A haka aka kinkimi Mama zuwa mota, a haka Auta ta shiga asibitin da ta yi shekara biyu tana mafarkin shiga a matsayin ɗaliba.

Aka kwantar da Mama a ɗakin mata, aka ɗaura mata ƙarin ruwa. Ba a jima ba wata mace mai furfura a gefen hula ta iso, ɗalibai na biye da ita cikin fararen kaya. Auta ta san kowace fuska. Doguwa ta zaro ido, ta ɗaga mata hannu a ɓoye. Wannan ita ce Sista.

Sista ta saka safar hannu, ta ce ɗalibai biyu su juya mara lafiya. Doguwa da wata suka tsaya gefe da gefe, suka naɗe hannun Mama a ƙirjinta, suka lanƙwasa gwiwa, suka haɗa ido, suka ɗaga tare. Jikin da Auta ke kokawa da shi har numfashinta ya sarƙe ya juya a hankali kamar an buɗe shafi. Mama ko nishi ba ta yi ba. Suka cusa matashi a bayanta, wani a tsakanin gwiwoyi.

Sista ta buɗe raunin, ta daɗe tana dubawa.

"Ku matso ku gani. Wannan gyambon kwanciya ne, amma ba kwanciya kaɗai ta kai shi nan ba. Kun ga gefen nan da ya saluɓe? Jan ta aka riƙa yi a kan zane. Kun ga nan da ya yi baƙi? An gasa, an murza. Me na gaya muku a makonku na farko?"

Ɗaliban suka amsa baki ɗaya: "Ba a ja, ɗagawa ake yi. Ba a murza jan tabo."

Auta ta dubi tafin hannunta. A makon farko. Abin da ake koya wa mutum a tsaye, a safiya guda, da hannun wani a kan nasa.

"Wa ke jinyarta a gida?" in ji Sista.

Yaya, wanda yake tsaye can nesa kusa da taga, ya yi saurin nunawa. "Ga ta nan, ƙanwata. Ɗalibarku ce ma. Mu duk mun sakar mata komai, tunda ita ce ta sani."

Sista ta dubi rigar, ta dubi bajen makaranta da ke ƙirji, ta dubi hannayen da suka tsattsage. Ta tambayi sunanta. Da Auta ta faɗa, sai fuskar matar ta canja.

"Ke ce wadda ta ajiye karatu?"

"A'a, Sista. Uzuri aka nema mini."

"'Yata, wanda ya nemi uzuri muna ɗaga masa ƙafa, ya yi horonsa da rukuni na gaba. Ba yau aka fara ba, kowa yana da uwa. Ina zaune a ofishin shugaba yayanki ya shigo ya ce kin ce ba za ki iya ba, aikin ya fi ƙarfin zuciyarki, a ba wani gurbin. Aka kira lambar da muke da ita don a ji daga bakinki, aka ce ba kya son magana. An rufe maganarki tun tuni."

Auta ta juya ta dubi Yaya. Yana duban agogon hannunsa.

A baranda ta same shi, inda masu jinya ke shanya tawul a kan ƙarfe. Ba ta ɗaga murya ba, domin ba a yi mata tarbiyyar ɗaga murya a gabansa ba.

"Yaya, ka ce ka nema mini uzuri."

"To ai don ke na yi. Da na bar maganar a buɗe, kullum hankalinki yana can, ba za ki tsaya ki kula da Mama da zuciya ɗaya ba. Makaranta tana nan, ba inda za ta. In Mama ta warke sai a sake nema."

"Sai a sake nema daga farko? Shekara biyu fa, Yaya."

"Shekara biyun da ba su hana ki ƙona mata baya ba," in ji Anti, wadda ta iso da kwanon abinci a hannu. "Ni wallahi kunya ce ta kama ni a ciki. A gaban yara ƙanana! Duk wannan littafi da ake ta saya, ashe ko juya mutum ba a iya ba."

"Anti, ke kika ce in gasa."

"Ni nas ce? Ni shawara na bayar irin ta jahilai. Mai ilimi ai shi ke cewa a'a."

Yaya ya ɗaga hannu, alamar a bar maganar. "Ya isa, abin da ya faru ya faru, ba mai riƙe ki a zuciya. Kuma ki duba ikon Allah: asibitin da kike ta kuka a kansa, ga shi an kawo ki. Ki buɗe ido ki ga yadda suke yi, domin in an sallame ta ke ce dai."

Sai ga Sista ta leƙo ta yafito Auta. A wannan karon muryarta babu kaifi. Ta ce mata ba za ta iya zama a ɗakin da wannan riga ba, domin marasa lafiya za su ɗauke ta ma'aikaciya su kira ta, ita kuma ba ta da izinin taɓa kowa sai mahaifiyarta. Auta ta ce ta gane. Ta buɗe jakar kayan Mama, ta ɗauki tsohuwar riga da zane, ta shiga banɗakin masu jinya. Da ta fito, farar rigar tana ninke a hannunta, kusurwa kan kusurwa, yadda Mama ta koya mata.

Ta tarar da Yaya yana laluben makullin mota. Ta miƙa masa da hannu biyu.

"Me zan yi da ita?"

"Ka kai gida. In baƙi sun zo, Anti ta saka. A gidanmu ai rigar ce nas."

Ya karɓa da 'yan yatsu kamar tana da zafi, ya cusa a ƙarƙashin hammata, suka sauka matakala shi da matarsa. Tun kafin su kai ƙofar fita ya ɗaga waya, Auta tana jin muryarsa yana gaya wa yayarsu cewa yarinyar nan ta yi ganganci, amma a yi mata uzuri, ƙuruciya ce. Da wannan labari dangi za su kwana, da shi za su tashi. Babu wanda zai tambayi mutum nawa ne a gidan, ko hannu nawa ne suka taɓa ɗaga tsohuwar. Wanda bai taɓa ba, ba shi da laifi. Laifi duk na hannun da ya taɓa ne.

Ta koma ciki. A gefen kowane gado akwai ɗan benci na mai jinya, ta zauna a nata. Lokacin wanke rauni ya yi, ɗalibai suka turo teburin kayan aiki, suka kewaye gadon Mama. Doguwa ce aka ce ta ja labule. Ta kama shi, ta tsaya, ta dubi ƙawarta, idonta ya yi ja.

"Masu jinya a koma waje," in ji wata ma'aikaciya daga ƙofa, kamar yadda take faɗa kullum.

Auta ta miƙe. Hannun Mama mai lafiya ya fito daga ƙarƙashin bargo ya kama gefen zanenta, ya shafa, yana neman yadin farar rigar da babu ita a jikinta. Auta ta ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta mayar da hannun cikin bargo, ta ja da baya.

Labulen ya rufe. Daga bayansa muryar Sista ta taso, a natse, tana cewa, "To, ku matso. Kowa ta kawo hannunta."